Ka Ga Baƙuwa Kafin Ka Tafi

Wanda ya ba mu aronka ya karɓi abinSa ranar Laraba, sha tara ga watan Fabrairu, da hantsi. Auta 'yarka ce ta kira ni a waya, ina sunkuye a ƙarƙashin wani doki, ƙafarsa tsakanin gwiwoyina. Ba ta ja magana ba. Ta ce, "Kawu, Baba ya huta." Na sauke ƙafar dokin a hankali, kamar yadda ka sha yi mini faɗa in riƙa yi, na zauna a ƙasa na yi salati. Na Allah ne mu duka, kuma inda ka tafi can muka dosa.

Yaya, zan faɗi abin da wataƙila bai dace da bakin mai makoki ba. Bayan hawayen farko, abin da ya sauko mini a ƙirji sauƙi ne. Na yi ajiyar zuciya irin wadda na daɗe ban yi ba. Dalili na farko kowa ya san shi: ciwon ya wahalar da kai, kuma yanzu ya sake ka. Dalili na biyu shi ne ka ga Baƙuwa kafin ka tafi. Wanda bai san ka ba zai tambaya mene ne haɗin rasuwar dattijo da wata goɗiya, kuma saboda shi nake wannan rubutu.

Sunanka na yanka kaɗan ne daga cikinmu suka riƙe. Duk mai doki a garin nan da kewaye Sai-Na-Gani ya sani, mai shagon maganin dabbobi, siririn shagon nan da ke matse tsakanin mai faci da tela. Mutum biyu ba sa gittawa a cikinsa sai ɗaya ya karkace. Kantoci har rufi, cike da robobi da gwangwanaye da ƙunshin gari, ga warin dusa da man shafawa da ya kama labule ya kama rigunanka. Ni kuwa maƙeri ne, mai gyaran kofato da sa wa dawaki takalmi. Sana'a ce ta haɗa mu tun gashina yana baƙi, kai kana kula da cikin doki, ni ina kula da ƙasansa, har na wayi gari ina ce maka Yaya, 'ya'yanka suna ce mini Kawu, alhali ko kaka ba mu haɗa ba.

Laƙabin ya samo asali ne daga abin da zai fi komai fita a shagonka da kana barinsa ya fita, wato garin kwantar da hankalin doki. Babu mai dokin da bai taɓa nemansa ba. Doki dabba ce mai tsoro duk da girmansa. Leda ta tashi a iska ya zabura, ƙofa ta buga ya tsinke igiya. Mutum zai shigo maka da gumi, wani da ɗingishi, ya ce a ba shi abin da zai sa dokinsa ya natsu. Ga robobin nan jere a bayanka, yana ganinsu da idonsa. Sai ka cire tabarau, ka goge shi da bakin riga, ka ce, "Sai na gani." Ba ka sayarwa sai ka je ka ga dokin. An roƙe ka, an zage ka, an yi fushi an tafi wani shagon, ba ka canza ba. Maiɗakinka, Innar yara, ta sha cewa ita dai ba ta taɓa ganin ɗan kasuwa mai korar ciniki da hannu biyu ba sai nata mijin.

Kuma ganin naka ba leƙe ba ne. Kana da wani tsohon bokitin ƙarfe da gindinsa ya ɓule, kullum yana ɗaure a bayan babur ɗinka. In ka isa barga sai ka kife shi a lungu ka zauna, ka hana kowa magana. Ba ka taɓa dokin tukuna. Kana kallon yadda yake juya kunne, da wurin da yake ƙin tsayawa, da abin da ake zuba masa, da wanda yake zubawa. Sai dokin ya manta da kai sannan ka tashi, ka bi bayansa da tafin hannu, ka buɗe bakinsa, ka sunsuni numfashinsa. Sau da yawa a nan maganar gari take mutuwa. Wani sirdi ne yake cin kafaɗarsa. Wani haƙori ne ya yi tsini yana yankar kuncinsa duk sanda aka ja linzami. Akwai dokin wani mai amalanke da ya hana unguwa sakat, ashe kwanon rufin bargarsa ne ya saki ƙusa, iska tana kaɗa shi a bisa kansa. Ka hau da kanka ka buga ƙusar, ka sauko ka sha ruwa ka tafi, ba ka sayar da ko cokali ɗaya ba.

Ni ma ban tsira ba. Wani ingarma ya taɓa harbina a cinya har na yi kwanaki ina tafiya kamar agwagwa. Na zo shago a fusace na ce ka ba ni abin da zai sa ɗan banzan nan ya yi laushi kafin in koma masa. Ka biyo ni da bokitinka, ka zauna ka kalle mu. Da na gama zage-zagena ka ja ni gefe ka ce, "Maƙeri, dokin lafiyarsa lau. Kai ne kake shigowa kamar an biyo ka. Da akwai garin da ake ba maƙera, da na ba ka kyauta." Na ji haushi ƙwarai, don ina da zuciya kuma ban taɓa ɓoyewa ba. Amma tun daga ranar nake ajiye akwatin kayan aikina a hankali, cinyata kuma ta huta. Shekarar da bayana ya riƙe har na fara tunanin barin sana'a, kai ne kake rufe shago ka zo ka riƙe mini kan dawaki, kana yi musu 'yar magana a kunne, don in yi aikina ba tare da fizga ba. Ban taɓa yi maka godiya yadda ya kamata ba, don in na fara sai ka sauya zance.

Ba wai ka ƙi jinin garin ba ne. In ka duba ka ga babu ciwo, babu yunwa, babu kaɗaici, dokin ne kawai Allah ya yi shi da ƙaramar zuciya, kana zaɓa masa. Sai dai zaɓen naka yana da ƙa'ida. Bayan roba kake karantawa, ba gabanta mai hoton doki yana kiwo cikin furanni ba, kuma wadda ba ta faɗi abin da ke cikinta da yawansa ba, ba ta kwana a shagonka. Kana tambayar abin da dokin yake ci, don kada a ƙara masa abin da ya riga ya ishe shi. Kana tambaya ko yana shiga gasa, don ka ce akwai ganyayen da ake hanawa a can. Abu ɗaya kake bayarwa, ɗaya tak, a jira a ga aikinsa, domin in aka haɗa uku ba za a san wanda ya yi amfani ba, ba za a san wanda ya yi ɓarna ba. Abin da ke sa doki barci kuwa, ka ce wannan na likitan dabbobi ne, ba na kanti ba. "So nake ya natsu," kake cewa, "ba so nake ya bugu ba." Mai neman ya bugar da doki don ya sayar da shi da sunan mai ladabi, shi kaɗai na taɓa jin ka ɗaga wa murya.

Ta irin wannan hanyar Baƙuwa ta zo hannunka. Wani dillali ya kawo ta yana yabon sanyin halinta. Ka dubi leɓenta na ƙasa ka ga ya saki, idonta ya yi nauyi, ka gane an ɗura mata wani abu. Kowa ya ce ka rabu da ita. Kai kuwa ka karɓe ta, ka ce in ka bar ta hannun wani za ta faɗa, ranar da maganin ya sake ta kuma ko ta kashe mutum ko a kashe ta. Da ya sake ta muka ga ainihinta: jar goɗiya mai farin goshi, mai zabura ko tsuntsu ne ya gitta, ƙarar babbar mota kuwa tana sa ta jiƙe da gumi jikinta yana ɓari. Ka sa mata Baƙuwa don kullum tana kallon duniya kamar yau ta iso. Ka kama mata ɗaki a babbar bargar haya da ke bayan gari, inda yawancinmu muke ajiye dawaki ko muke aiki, kana zuwa kowace safiya kafin ka buɗe shago. Ka yi shekaru kana lallaɓa ta da ciyawa da yawo da haƙuri, har ta kai Auta, ƙaramar 'yarka da ta gama karatu ta dawo tana riƙe shago tare da kai, tana hawanta ba fargaba. Ban san wani abin da ka yi alfahari da shi kamar wannan ba, ko da yake ba ka taɓa faɗa da baki ba.

Sai ciwon ya zo. Ba zan tsaya a kansa ba, iyalinka sun ga abin da ya ishe su. Asibiti suka yi iyakar ƙoƙarinsu, daga baya suka ce a mai da kai gida a ci gaba da kula da kai. Aka gyara maka ɗakin da tagarsa ke kallon layi, aka jawo gado kusa da ita. Abinci ya daina shiga. Mu kuwa masu dawaki muka yi ta sintiri, kowa da ledarsa, kai kuma kana mayar da mu da kayanmu. Ka ce, "Ni na gama cin rabona, ku daina wahalar da kanku." Muka rasa inda za mu kai ƙaunarmu, kuma daga nan matsalar ta faro.

Ba a daɗe ba Baƙuwa ta rikice. Ta koma yadda take a farko, har ta zarce. Tana zagaye ɗakinta ba tsayawa, tana harbin ƙofa, ta ciji katakon komin da ake zuba mata abinci ta farfasa bakinsa. Wata safiya Auta ta shiga sa mata ragama, goɗiyar ta zabura ta maka ta da bango, kafaɗarta ta goce. Kowa a barga ya yanke hukunci iri ɗaya, wai kewar maigidanta ce take damunta. Maganar tana da daɗin faɗa, har wasu suna share ƙwalla in sun faɗe ta.

Innar yara ba ta share ƙwalla ba. Ta dubi 'yarta da hannu a rataye, ta dubi miji a kwance, ta ce ya isa haka. Ba za ta yi jinyar mutum biyu saboda dabba ba, a nemo dillali ya zo ya ɗauke ta. Ban ga laifinta ba, har yau ban gani ba. Amma duk mun san irin dillalin da zai karɓi goɗiya mai wannan hali, da abin da zai ɗura mata kafin ya miƙa ta gaba. Aka kawo maganar gabanka, Auta tana kuka tana roƙon ka faɗi garin da za a ba ta, tunda ga shago nan cike da su. Sannan da 'yar muryar da ta rage maka ka faɗi abin da kowa ya san za ka faɗa.

Auta ta nuna maka hotonta mai motsi a waya. Ka ture wayar, ka ce ba ta kawo wari, ba ta kawo ɗumin fata. Kai ba za ka iya zuwa barga ba, ko zama sai an tallafe ka. Hanya ɗaya ta rage, a kawo goɗiyar bakin tagarka, kuma tsakanin barga da gidanka akwai babban titin da tireloli ke bi. Innar yara ta ce ta amince da haka. In Baƙuwa ta tako da ƙafarta ta tsallaka titin nan ta tsaya a ƙofar gida lafiya, ta janye maganarta. In ba haka ba, dillali. Ta faɗa ne da tabbacin ba zai yiwu ba, mu ma haka muka ɗauka. Da za mu fita ka yafito Auta, ka nuna mata ƙarƙashin gado da ido. Bokitin ne a wurin.

Washegari da sassafe ta kife shi a lungun barga, bayan tarin ciyawa, inda mai shigowa ba zai lura da ita ba. Ni ina can gefe ina gyaran kofaton wani doki, saboda haka abin da zan faɗa da idona na gan shi. Rana ba ta yi nisa ba sai ga mai gidan burodi, ɗaya daga cikin masu ajiye doki a bargar. Ya waiga hagu ya waiga dama, ya zazzage wa Baƙuwa hatsi cike da kwano, ya shafa goshinta yana cewa ta ci saboda maigidanta. Yana fita sai ga tsohon ɗan sandan nan mai farin doki, shi ma da nasa hatsin, ya kuma zaro wani ƙunshi daga aljihu ya barbaɗa farin gari a kai. Direban tanka ya zo da dusa mai zaƙi da wani koren ruwa a kwalba. Tela maƙwabcinka, wanda ko jaki bai taɓa hawa ba, ya zo da sukari a leda. Kafin azahar goɗiyar nan ta ci abincin dawaki masu aikin ƙarfi, da magani kala-kala wanda babu mai sanin na wani, alhali tun kwanciyarka ba a fitar da ita ko zagayen fili ba, don Auta tana wajen jinyarka, sauran kuwa tsoronta suke ji.

Da yamma Auta ta tara su a bakin barga, hannunta a rataye, ta yi magana da ladabin da ka tarbiyyantar da ita a kai. Ta ce, "Iyayena, na san don Baba kuke yi, Allah ya saka da alheri. Amma don Allah kowa ya kawo mini abin da yake zuba mata in gani." Ban taɓa ganin dattawa sun daburce irin na ranar ba. Aka jera robobi a kan benci. Tsohon ɗan sanda yana sosa ƙeya yana cewa shi fa ya ɗauka shi kaɗai ne. Kowa ya ɗauka shi kaɗai ne. Ka mayar da kyautarsu daga ƙofar ɗakinka, sai suka juya da ita barga. Da hatsi da zaman wuri ɗaya suka fara haukata goɗiyar, sai kowa ya koma gida ya ɗauko ragowar garin da ka taɓa zaɓa wa nasa dokin. Mutanen da ka yi shekaru kana koya wa abu ɗaya tak ke nan. Ni kaɗai ban zuba komai ba, kuma ba hankali ne ya hana ni ba. Ka sha cewa hannuna ba ya buɗuwa sai da guduma, to ranar nan rowata ta yi rana.

Da Auta ta ba ka labari ka yi dariya har tari ya sarƙe ka, Innar yara tana yi mana faɗa muna so mu ƙarasa mata miji. Ita ce dariyarka ta ƙarshe da na ji, kuma ina godiya ga Allah da na ji ta.

Auta ta sa wa ƙofar Baƙuwa kwaɗo ta rataya makullin a wuya. Ta kira likitar dabbobi ta duba haƙori da baya da ciki, ba a sami ciwo ba. Aka tsayar da duk wani gari, aka yi ta rage hatsi sannu a hankali, aka bar mata ciyawa ta ci iya cinta. Tunda hannun Auta bai warke ba, ni nake jan goɗiyar safe da yamma muna zagaya fili, ita tana tafiya a gefe. Masu laifi kuwa suka nemi hanyar wanke kansu. Direban tanka ya riƙa kawo motarsa can ƙarshen fili ya bar injin yana aiki, kullum yana ɗan matsowa, don Baƙuwa ta saba da ƙarar. Mai gidan burodi ya koma kwasar kashi, kuma ya iya.

Jiran nan shi ne abu mafi wuya da na taɓa yi. Goɗiyar tana sauka, kai ma kana sauka. Duk wanda ya shigo ɗakinka zai tarar idonka a kan taga, ko ƙarar takalmin mai wucewa ka ji sai ka ɗaga kai. Barci ya ƙi ka. Na fara matsa wa Auta mu tafi kawai, ta ce tukuna. Wani daga cikinmu ya kawo shawarar a roƙi likita ta yi mata allurar da za ta sa ta yi sanyi na yini ɗaya, a tsallaka da ita a wuce wurin, wa zai sani? Ni da kaina na ji zuciyata ta karkata, don ina ganin yadda lokaci yake ƙure mana. Auta ta girgiza kai ta ce, "Leɓenta zai fara dubawa, Kawu. In ya ga ya saki, gara ma ban kawo ta ba." Gaskiya ta faɗa.

Ina zaune a bencin shago ranar da ta yi zaɓenta na farko ba tare da kai ba. Baƙuwa ta natsu ƙwarai a lokacin, saura ɗan ɓarin jiki in babbar mota ta matso. Auta ta tsaya gaban kantoci tana sauko da roba ɗaya bayan ɗaya, tana juya ta tana karanta bayanta. Ta mayar da mai haɗin ganye barkatai. Ta mayar da wadda aka yi alkawarin aiki nan take. A ƙarshe ta ɗauki wata farar roba marar ado, garin sinadarin magnesiyam zalla, wanda suka riga suka tattauna a kansa da likita bayan sun duba abin da goɗiyar take ci, ta auna gwargwadon da aka ce. Ba ta ko waiwaye ni ba. Ko garin ne ya ƙarasa aikin, ko yawon ne, ko rage hatsin, ni ban sani ba, ita ma ta ce ba za ta rantse ba.

Ranar Lahadi da safe, lokacin da titi ya fi sauƙi, muka fito. Tun jajibiri na duba takalmanta huɗu don kada kwalta ta zame da ita. Auta ce riƙe da igiya da hannunta mai lafiya, ni ina ɗaya gefen, sauran suna biye a nesa kamar yadda ta umarce su. Da muka iso bakin titi tsohon ɗan sanda ya shiga tsakiya ya ɗaga hannu, kuma ashe hannun bai manta aikinsa ba, motoci suka tsaya. Wata tirela ta taka birki ta saki iska da ƙara. Baƙuwa ta ɗaga kai sama, jikinta ya ɗauki ɓari. Auta ba ta ja igiya ba. Ta sassauta ta, ta tsaya cik kamar mai jiran mota, ba ta ko kalli goɗiyar ba. Ban san iya lokacin da muka ɗauka a haka ba. Sai Baƙuwa ta hura iska ta hanci, ta sauke kai, ta ɗora ƙafa a kan kwalta. Na yi shekaru ina jin ƙarar takalman da na buga, ban taɓa jin mai daɗin ta wannan safiya ba.

An riga an buɗe tagarka an cire raga. Innar yara ce ta tallafe ka a ƙirjinta. Baƙuwa ta tsaya a bakin tagar, ta yi 'yar haniniya ƙasa ƙasa, ta zura kai ciki. Ka ɗaga hannun nan da ya zama ƙashi da fata, kuma kamar yadda Auta ta faɗa, leɓenta na ƙasa ka fara taɓawa. Ka same shi a ɗame. Ka dubi idonta, ka matso da hanci ka sunsuni numfashinta, ka bar tafinka a wuyanta ka daɗe. Sannan ka tambayi Auta me ta ba ta.

Ta ce, "Abu ɗaya, Baba," ta faɗi sunansa.

Ka ce, "Me kika cire?"

Ta ce, "Hatsi, da su Kawu."

Bakinka ya motsa kamar za ka yi murmushi. Ka ce, "To, na gani." Sai ka juya ido wajen maiɗakinka. Ta goge fuska da gefen mayafi ta ce, "Ta zauna. Amma ba a tsakar gidana ba."

Daga wannan rana ka daina kallon taga. Ka ce a saki labule, haske yana damunka, ka yi barcin da ka daɗe ba ka yi irinsa ba. Innar yara ta ce mini sauran kwanakin naka cikin natsuwa ka yi su, kana farkawa ka yi salati ka koma. Larabar da ta biyo baya ka tafi. Shi ya sa na ce sauƙi na ji, kuma ba na jin kunyar faɗa. Na ji tsoron ka tafi idonka yana kan tagar nan, na ji tsoron Auta ta rayu da wannan a ranta, na ji tsoron in ga Baƙuwa a bayan motar dillali da leɓe a sake. Allah ya ɗauke mana duka ukun. Kewarka tana nan, ita ba ta da gari a kowane kanti, amma kewa ce marar nadama.

Shekaranjiya na bi ta shago da rana tsaka na tarar da shi a rufe. Tela ya ce wani ya zo neman garin kwantar da hankali, Auta ta ɗaura bokiti a bayan babur ta bi shi. Da na gaya wa Innar yara sai ta ce ita dai ta ga ta kanta, an sake haifa mata mai korar ciniki. Ta faɗa tana dariya, hawaye yana zuba.

Allah ya jiƙanka, Yaya. Allah ya gafarta maka kurakuranka, ya sa ciwon da ka sha ya zama kankarar zunubi. Yadda ka tausaya wa bayinSa marasa baki, ka zauna a lungu ka saurari abin da ke damunsu, Allah ya tausaya maka, ya yalwata makwancinka, ya haskaka shi, ya sa abin da ka tarar a can ya kwantar maka da hankali har abada. Ina miƙa ta'aziyyata ga Innar yara, wadda ta yi jinya ba ta gaji ba, ta kuma cika alkawarin da ta ɗauka a kan abin da ba ta so. Allah ya ba ta haƙuri da lada. Ina miƙa ta ga Auta da yayyenta da jikokinka da dukkan dangi, Allah ya albarkaci bayanka, ya haɗa kanku. Mu kuma da muka rage, Allah ya kyautata namu ƙarshen.

'Yan'uwana na barga kuwa, na san har yanzu hannuwanku suna ƙaiƙayin yi masa alheri. Ƙofar Baƙuwa tana da kwaɗo, makullin yana wuyan Auta. Wanda yake da abin bayarwa ya ɗaga hannu ya yi masa addu'a, wannan ba zai mayar muku da ita ba.